Shin girman kai ne ya halaka Sarki Odifus?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar adabi ce, muna karanta wasan kwaikwayon Sofokilis mai suna Sarki Odifus. A aji an ce mana girman kai da saurin fushi ne suka kai shi ƙasa, wato abin da ya shuka ya girba. Wata ƙawata kuma ta ce ba shi da laifin komai, ƙaddara ce ta juya shi kamar 'yar tsana. Na kuma ji masu nazarin halayyar ɗan Adam suna kiran sunansa idan ana maganar yaron da ke kishin ubansa a kan uwarsa. Wanne zan kama?

Amsa: Ƙanwata, na gode da wannan tambaya. Na daɗe ina koyar da wasan nan, kuma kusan duk shekara sai na gamu da fassarorin nan uku. A ganina ko wace ɗaya ta kama wani gefe na gaskiya, amma ta saki mutumin da Sofokilis, marubucin wasan kwaikwayo ɗan birnin Atina na tsohuwar Girka, ya ɗora a dandali. Abin da zan roƙe ki tun farko shi ne ki raba abu biyu: abin da ya faru kafin a fara wasan, da abin da muke gani da idonmu bayan an fara. Yawancin ruɗanin daga cakuɗa su ya samo asali.

Ga abin da ya riga ya faru. Layus sarkin birnin Tibis na ƙasar Girka ya samu saƙo daga Delfi, wurin bautar Afolo, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Girkawa, inda suke zuwa neman sanin gaibu, cewa ɗan cikinsa ne zai kashe shi. Da matarsa Jokasta ta haifi ɗa namiji, bai cika kwana uku ba aka ƙulle masa idon sawu, aka ba wani makiyayi ya yar da shi a dutsen Kitairon. Makiyayin ya kasa, ya miƙa shi ga wani makiyayi ɗan Korinti, shi kuma ya kai wa sarkinsu Folibus da matarsa Merofi, waɗanda ba su da haihuwa. Suka raɗa masa Odifus, wato mai kumburarriyar ƙafa; a littattafai za ki ga an rubuta sunan Oedipus. Da ya girma, wani mashayi ya gaya masa a wurin biki cewa shi ba ɗan Folibus ba ne. Abin ya tsaya masa a rai, ya tafi Delfi ya tambaya. Ba a amsa masa tambayarsa ba, sai aka ce masa zai kashe ubansa, ya kuma auri uwarsa. Nan take ya juya wa Korinti baya, ya ƙudura ba zai sake taka ta ba. A hanya, a wata mararraba ta hanyoyi uku a ƙasar Fokis, ya gamu da wani dattijo a keken doki da 'yan rakiyarsa, faɗa ya kaure, ya kashe su, mutum ɗaya ya tsira. Ya isa Tibis ya tarar da dodanniyar nan Sifinkis ta addabi gari da kacici-kacicinta, ya warware, aka ba shi sarauta da matar marigayi sarki, wato Jokasta. Suka haifi 'ya'ya huɗu.

Duk wannan ya wuce da shekaru masu yawa kafin ɗan wasa na farko ya buɗe baki. Wasan kansa, mai baiti 1530, labarin yini ɗaya ne: annoba ta faɗa wa Tibis, Delfi ta ce ba za ta ɗauke ba sai an gano wanda ya kashe Layus, sarki kuma ya ɗauki alkawarin gano shi.

To mu ɗauki maganar ajinku. Ba na musun cewa Odifus yana da zafin rai. Da makahon boka Tiresiyas ya ƙi magana, ya zage shi tas. Ya tuhumi surukinsa Kiriyon, ɗan'uwan Jokasta, da ƙulla makircin ƙwace masa mulki ba tare da wata hujja ba, har ya ce kisa ne hukuncinsa. Wannan mummunan hali ne, Sofokilis kuma bai ɓoye shi ba. Sai dai ki tambayi kanki, wannan fushin me ya jawo? Kisan uban da auren uwar sun riga sun auku tun 'ya'yansa ba su zo duniya ba. Hukunci ba ya riga laifi zuwa. Ko da a ce ya tarbi Tiresiyas da ladabi, ya rungumi Kiriyon, da nan ɗin ma shi ne mijin uwarsa. Kuma ana yawan mantawa cewa da Jokasta da dattawan gari suka sa baki, ya ƙyale Kiriyon ya tafi, alhali har zuciyarsa yana ganin yin haka zai iya jawo masa mutuwa ko kora. Azzalumin sarki ba ya haka.

Za a ce ai fushin ne ya sa ya yi kisa a mararraba. Ki koma ki karanta yadda shi da bakinsa ya ba Jokasta labarin. Jagoran ayarin da dattijon kansa ne suka fara ture shi daga hanya da ƙarfi. Ya doki wanda ya ture shi. Dattijon ya jira sai da ya zo daidai keken, ya sauke masa sandar korar dabbobi mai tsini biyu a tsakar ka. A nan ne Odifus ya rama da sandarsa. Shi kaɗai ne, a ƙasa, a daji, su kuwa su biyar. Mutanen Atina da suka kalli wasan suna da dokar kisan kai tun zamanin Darako, wanda ya tsara musu dokoki, wajen shekara ta 621 kafin Miladiyya, kuma dokar ta bambanta kisan ganganci da wanda ba na ganganci ba. Ba jahilai ba ne a kan wannan bambanci. Ba kisan baƙo a hanya ne ya girgiza su ba. Abin da ya girgiza su shi ne baƙon ya zama uba.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kansa ita ce wannan: mutumin da aka gaya masa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, aka kuma riga aka sa masa shakka a kan asalinsa, me ya kai shi dukan dattijo, me ya kai shi auren matar da ta girme shi? Na yarda tambaya ce da ke zuwa wa duk mai hankali. Amma babu ko mutum ɗaya a cikin wasan da ya yi masa ita, ko Tiresiyas da ke neman abin da zai soke shi da shi bai yi ba. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan. Kafin Sofokilis, wani marubucin wasa ɗan Atina mai suna Eskilus ya taɓa labarin gidan nan a wasansa na jarumai bakwai da suka yaƙi Tibis, wanda aka nuna a 467 kafin Miladiyya, kuma a can gargaɗin Afolo ga Layus yana da sharaɗi: idan ya mutu bai haihu ba, garinsa zai tsira. Layus ya saɓa, don haka akwai laifin da za a nuna da yatsa. Sofokilis ya cire sharaɗin. A nasa wasan ba a ce wa Layus ko Odifus "idan ka yi kaza" ba, an ce kawai abin zai faru. Marubucin da ke son mu ga alhaki yana bin mai shi ba zai toshe wannan ƙofa da hannunsa ba.

Daga ina to maganar aibin hali ta fito? Daga wata kalma ta Aristotil, masanin falsafar Girka. A littafinsa kan fasahar waƙa da wasa, wanda ya rubuta kusan shekara ɗari bayan wasan, ya ce jarumin da ya fi dacewa da irin wannan wasa shi ne wanda bai kai waliyyi ba, bai kuma zama mugu ba, wanda ya faɗi ba don mugunta ko lalacewa ba, sai don wata hamartiya, kuma ya ambaci Odifus a matsayin misali. Kalmar ta fito ne daga aikatau da ake amfani da shi idan mai jifa ya kuskure abin da ya auna. Masu sharhi na baya suka mai da ita aibin hali, aka riƙa koyar da ɗalibai su nemo aibin kowane jarumi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. A game da Odifus, ma'anar da ta fi zama daidai ita ce kuskure na rashin sani: bai san wanda ya doka ba, bai san wadda ya aura ba. A 1966 wani malamin Jami'ar Okusfod, E. R. Dodds, ya rubuta maƙala a kan yadda ake yi wa wasan nan gurguwar fahimta, bayan ya duba takardun jarrabawar ɗalibai ya ga mafi yawansu sun ce Odifus ya samu abin da ya cancanta ne. Kin ga ba ajinku ne ya fara ba.

Akwai baiti ɗaya da malaminku zai iya kafa hujja da shi, kuma bai kamata in ɓoye miki ba. A tsakiyar wasan 'yan amshi, wato dattawan Tibis, sun rera cewa ƙetare iyaka shi ke haifar da tiranos, kalmar da ake yawan fassarawa da azzalumin sarki. Masana sun daɗe suna jayayya a kan wa suke nufi. Abin da zan ce shi ne, waɗannan dattawa ɗin su ne suka ci gaba da ƙaunarsa har ƙarshe, kuma bayan asiri ya tonu, waƙar da suka yi ta makoki ce a kan ɗan Adam baki ɗaya, suna cewa shi ne misalin da ya sa ba za su ƙara kiran wani mai rai mai sa'a ba. Ita kanta kalmar tiranos a lokacin tana iya nufin wanda ya hau mulki ba ta gado ba. Kowa ya ɗauka Odifus baƙo ne da basirarsa ta ba shi sarauta, ashe shi ne magajin gidan na jini. Ranar da aka gane haƙƙinsa ne, ranar ya rasa ta.

Maganar ƙawarki ta fi kusa da tausayi, amma ita ma ta rage masa daraja. Sanin abin da zai faru daban, tilasta shi daban. Wanda ke kan tudu yana hango mahaya biyu sun nufo kwana guda a guje, ya san za su yi karo, amma ba shi ke riƙe da linzaminsu ba. Ki duba wasan daga farko har ƙarshe, babu wani abin bauta da ya fito dandali, babu wanda ya kama hannun Odifus. Gaskiya ne gudunsa daga Korinti shi ya kai shi mararraba, an gudu ba a tsira ba. Amma abin da muke kallo a dandali ba kisan ba ne, ba auren ba ne, binciken ne, kuma binciken nasa ne tun daga tushe.

A nan nake so ki daɗe, don nan ne zuciyar wasan take. Da Kiriyon ya dawo daga Delfi ya ce ko su shiga ciki ya ba shi saƙon a keɓe, Odifus ya ce ya faɗa a gaban kowa, don damuwarsa a kan jama'ar nan ta fi damuwarsa a kan ransa. Shi ya ɗora la'ana a kan wanda ya kashe Layus, ya kuma haɗa da kansa idan har mai laifin yana gidansa da saninsa. Daga nan sau uku ana buɗe masa ƙofar fita. Tiresiyas ya ce a bar shi ya koma gida, zai fi musu sauƙi su biyun. Odifus ya ƙi. Jokasta, da ta gane gaskiya tun kafin shi, ta roƙe shi ya bar maganar idan yana son ransa. Ya ƙi, ya ma ɗauka kunya take ji kada a ce mijinta ɗan bayi ne. Sai tsohon makiyayin nan, wanda sai da aka murɗe masa hannu ya yi magana. Ya ce ya iso bakin abin da ke da ban tsoron faɗa, Odifus ya ce shi ma ya iso bakin abin da ke da ban tsoron ji, amma dole ya ji. A wannan lokacin ya riga ya hango inda maganar ta nufa. Sarki ne, da ya ce a sallami tsohon, babu mai ja da shi.

Mu kan ce garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta, kuma ɗalibai da yawa suna kawo mini wannan karin magana a kan Odifus. Ni ban yarda ta dace da shi ba. Kaza ba ta san me take nema ba, kuma ba don kowa take tonon ba. Shi kuwa gari ne ke mutuwa a hannunsa, amfanin gona ya lalace, dabbobi na faɗuwa, mata na haihuwa ba rai, an kuma ce masa maganin yana cikin gaskiyar da aka binne. Ki tuna su wa ke kallo. Annoba ta afka wa Atina a 430 kafin Miladiyya, ta kashe shugabansu Ferikilis a 429, kuma masana da yawa suna sanya wasan a 'yan shekarun nan. Mutanen da suka binne 'yan uwansu ba za su ga sarkin da ya ƙi barin bincike a matsayin mai shisshigi ba. Halayen da suka kai shi ga halaka su ne waɗanda suka sa aka naɗa shi: kaifin basira, saurin yanke shawara, ƙin zama cikin duhu, da ɗaukar ciwon jama'a kamar nasa. Wannan ne ke sa ni kasa karanta wasan da sanyin rai har yau.

Akwai wata gwaninta ta Sofokilis da nake so ki lura da ita. Wanda ya tsira daga mararraba ya ce 'yan fashi ne da yawa suka kashe Layus. Odifus ya rataya duk fatansa a kan wannan, ya ce ɗaya ba zai zama daidai da masu yawa ba, ya aika a kira mutumin. Amma kafin ya iso, manzo ya zo daga Korinti da labarin mutuwar Folibus, kuma garin ya kwantar wa Odifus da hankali ya gaya masa ai Folibus ba ubansa ba ne, shi da hannunsa ya karɓe shi daga wani makiyayin Layus. Da tsohon ya iso, shi ne mai tsiran, shi ne kuma makiyayin, ba wanda ya ƙara tambayarsa mutum nawa ne suka yi kisan. Tambayar ta tashi daga wa ya kashe sarki ta koma ni ɗan wane ne. Haka Jokasta ma, garin ta nuna masa duba ƙarya ne ta ambaci mararrabar hanyoyi uku, kalmar da ta fara tsinka masa zuciya. Duk wanda ya zo da niyyar sanyaya masa rai, shi ke ƙara matso da shi bakin ramin. Ko makiyayin, da aka tambaye shi me ya sa bai kashe jaririn ba, cewa ya yi tausayi ne ya kama shi.

Batun masu nazarin halayya ba zai ɗauke mu lokaci ba. Sigmund Firoyid ne ya kawo labarin a littafinsa na fassarar mafarki da ya fito a ƙarshen 1899, ya jingina da inda Jokasta ke cewa maza da yawa sun taɓa mafarkin kwana da uwayensu. A yi masa adalci, shi maganarsa a kan masu kallo take, yana neman dalilin da ya sa wasan ke taɓa mu. Ko an yarda da ra'ayinsa ko ba a yarda ba, Odifus na Sofokilis ba shi da wannan ciwo da aka laƙaba wa sunansa. Mutumin da ya bar gida da gadon sarauta don kada ya cuci waɗanda ya ɗauka iyayensa ne, ba a ce yana sha'awar abin da ya guje wa. Jokasta kuwa tare da sarauta aka ba shi ita.

Saura tambayar da na san za ta biyo baya: in ba shi da laifi, don me ya tsiyaye idanunsa? Girkawa suna da abin da suke kira miyasma, wata irin dauɗa da ke manne wa wanda ya zubar da jini, musamman jinin gida, ko da niyya ko babu, har ta shafi garin da yake zaune. Kotu na iya wanke mutum, dauɗar tana nan. Ko a ajiye aƙidarsu gefe, ki ɗauki direban da yaro ya faɗo masa gaban mota ba zato, kowa ya shaida ba laifinsa ba ne. Idan ya sauko yana cewa ai doka ta wanke shi, ya tafi ya ci abincinsa, za mu ji tsoron irin zuciyarsa. Odifus bai ce a yi masa uzuri ba. Da ya tarar Jokasta ta rataye kanta, ya zare alluran zinaren da ke riƙe da tufafinta ya soke idanunsa, ya ce da wane ido zai dubi ubansa da uwarsa a lahira, da wane ido zai dubi 'ya'yansa da garinsa. Da dattawa suka tambaye shi wane abin bauta ne ya ingiza shi, ya raba musu abin biyu: Afolo ne ya kawo masifun, amma hannun da ya soke idanun nasa ne, ba na kowa ba. Wannan ba ya cikin abin da aka faɗa masa a Delfi.

Idan kina son ki ji yana kare kansa, sai ki nemi wasan Odifus a Kolonus, wanda Sofokilis ya rubuta yana kusan shekara 90, aka nuna shi a 401 kafin Miladiyya, bayan rasuwarsa. A can tsohon makaho ya tambayi Kiriyon: in wani ya taso zai kashe ka yanzu, tsayawa za ka yi ka tambaye shi ko ubanka ne, ko ramawa za ka yi? Sai dai ki yi hattara a jarrabawa, wasa ne dabam da aka rubuta bayan shekaru da dama, ba ci gaban wannan ba ne kai tsaye, don haka ki kawo shi a matsayin ƙarin haske kawai, hujjarki ta fito daga wasan da ke gabanki.

Kada kuma ki rufe littafin a wurin makantar, kamar yadda ɗalibai da yawa ke yi. Ki karanta fitowa ta ƙarshe a hankali. Mutumin da jini ke zuba a fuskarsa yana ba Kiriyon umarni ya yi wa Jokasta sutura yadda ya kamata, yana neman a kore shi zuwa Kitairon inda iyayensa suka so ya mutu. Ya ce 'ya'yansa maza za su iya neman abincinsu, amma a kawo masa matan, Antigoni da Ismeni, ya taɓa su. Yana shafa su yana lissafa musu abin da ke jiransu: bukukuwan da za su dawo daga gare su da kuka, da rashin wanda zai yarda ya aure su. Har sai da Kiriyon ya ce masa ya daina neman iko a kan komai, sannan aka raba shi da su aka shigar da shi gida. In kun tashi nuna wasan a ajinku, ki gaya wa wanda zai fito a Odifus kada ya yi wannan fitowa da muryar wanda aka karya. Muryar da ya yi wa jama'a magana da ita a farkon wasan, yana kiransu 'ya'yana, da ita zai yi wa 'yan matan nan biyu magana.